Faifai Biyu a Ambulan Ɗaya

Na ga yadda kuke tura aiki yanzu. Mutum yana kishingiɗe, kofin shayi a gefe, ya buga kalma biyu ya danna, sai ya yi miƙa ya ce ya tura, wai aikin ya isa ma'ajiya. In ka tambaye shi ina ma'ajiyar take, ya nuna maka sama. In ka ce wa ya karɓa, ya ce ba kowa. To ni duk inda aka ce mini ba kowa a tsakani, nan nake ƙara buɗe ido. Na yi shekaru ina tura aiki, ban taɓa ganin wanda ya bar hannuna ya isa inda za shi ba tare da ya bi ta hannun wani ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne goge ƙura. A wani kamfanin sayar da iri da taki da maganin ciyawa ne, cikin shekarun casa'in. Babban ofishinsa yana Minna, babban sitonsa yana nan Kontagora, da ƙananan sito a Beri da Kaboji. Ni magatakardan sito ne a lokacin, na riga na yi aure, amma da na roƙi Oga Bawa ya koya mini kwamfuta sai ya miƙo mini burushin fenti da tsumma. Oga Bawa shi ya rubuta firogiram ɗin da ke lissafin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita a duk kamfanin. Dogon mutum ne, ba ya dariya sai abu ya lalace. Na fi wata ina share tsakanin maɓallai da lulluɓe na'ura da zane kafin ya yarda in kunna ta. Daga baya na gane ba ƙurar ce ta dame shi ba, so yake ya ga ko ina da dogon hannu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfuta ɗaya mai kai kamar akwatin talabijin, firinta mai ƙara kamar injin markaɗe, janareto, da akwatin faya-fayai wanda mabuɗinsa ke rataye a wuyan Oga. Faifan nan ɗan roba ne mai kusurwa huɗu, bai fi tafin hannu ba, da ƙyauren ƙarfe a kansa da takarda manne inda ake rubuta suna. Zafi yana kashe shi, danshi yana kashe shi, in ya kwana kusa da lasifikar rediyo ya tashi babu komai a cikinsa. Wani lokaci kuma ba abin da ya same shi, ya ga dama ne kawai ya mutu. Darasin Oga na farko shi ne kada ka yarda da faifai. Na biyu, kada ka yarda da wanda ya kawo shi. Da na tambaye shi na uku, sai ya ce in na daɗe zan gane cewa na ukun ni ne.

Masu amfani da aikinmu ma ba su yarda da mu ba. Akwai wani mai kula da siton Beri da ya yi imani na'urar tana kai ƙararsa wurin Alhaji mai kamfanin. Duk sanda ya kawo takardunsa a shigar, sai ya tsaya daga bakin ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce kada a kira sunansa a gabanta. Ban taɓa gyara masa tunani ba, don tun daga lokacin buhunansa suka daina ɓata.

Yanzu ku saurari yadda ake turawa. A ofishin Minna akwai kwamfutar da muke kira uwa. Abin da ke cikinta shi ne firogiram na gaskiya, daga gare ta ake kwafa wa sauran rassa. Duk gyaran da ka yi a Kontagora, komai kyansa, in bai shiga uwa ba, kamar ba ka yi ba ne. Idan mako ya ƙare sai mu kwashe firogiram ɗin gaba ɗaya mu zuba a faifai, mu ja ɗan makullinsa don kada a goge abin da ke ciki, mu naɗe da takarda, mu sa a leda, mu tokare da kwali gaba da baya, sannan ambulan. Oga ya sa hannu a kan liƙin yadda in an buɗe za a gani. Daga nan sai tasha, wurin Tanko direba, wanda aka yi wa sharaɗi ba zai ajiye shi a gaban gilashi ba, ba kusa da lasifika ba, sai a aljihun ƙirjinsa.

A can Minna akwai Anti Saratu, sakatariyar ofis, 'yar wani ƙauye ce a bayan Kaboji, ta girme ni nesa ba kusa ba. Oga ne ya koya mata aikin da bakinsa: duk faifan da ya zo daga Kontagora, ta sa a uwa, ta buga umarni guda, abin da ke cikin faifan ya hau kan na da ya danne shi. Sai ta kwafo sabon a wani faifan ta ba Tanko ya dawo mana da shi, mu ɗora aiki a kansa. Ba ta san abin da ke ciki ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta sani ba. Shekaru muna haka ba a samu matsala ba, saboda na'ura ɗaya muke aiki a kai, faifai ɗaya ke tafiya.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Motoci suna kwana a layi, 'yan bumburutu sun zama sarakai, janaretonmu sai mu kunna shi kamar muna ɗanɗana magani. A cikin wannan hali Oga Bawa ya faɗi da babur a hanyar dawowa daga Kaboji, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Mai ɗori ya ce ba tashi. Aka kai masa wata tsohuwar kwamfuta gida aka ɗora a kan benci kusa da katifarsa, ni kuma na ci gaba da ta ofis.

Muka tsara abin yadda ya kamata. In na gama nawa gyaran sai in kai masa faifaina gida. Ya duba layi-layi, ya ɗauki abin da ya yarda da shi ya haɗa da nasa, sannan ya fitar da faifai guda mai ɗauke da aikinmu duka. Nasa ne cikakke, nawa rabin aiki ne. Da an bar mu haka da ba abin da zai faru.

Amma Alhaji mai kamfanin ya zo duba sito, ya tarar da ni ni kaɗai a ofis. Shi ma mutum ne da ba ya yarda da inuwarsa.

"Yanzu ta yaya zan san wanda ke aiki da wanda ke barci?" in ji shi. "Wancan yana kwance, kai kuma ba mai ganinka. Daga yau kowa ya aiko da nasa faifan, da sunansa a kai. Ina so in ga aikin kowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na Oga ya ƙunshi nawa."

"Ban tambaye ka ba."

Da na gaya wa Oga sai ya taɓe baki ya ce a aika, ai Alhaji ko an buɗe masa ba zai gane komai ba, a durowa za a jefa nawa. Daga ranar faifai biyu suke shiga ambulan ɗaya, ɗaya an rubuta Bawa, ɗaya an rubuta Idi, sunana ke nan.

Aikin da ke gaban Oga a lokacin babba ne. Manoma sun yi ta ƙorafi a daminar baya cewa irin masarar da suka saya bai tsira da kyau ba. Da aka bincika sai aka ga tsofaffin buhuna suna zama a ƙuryar sito, sababbi suna fita. Oga ya yi wa Alhaji alkawari zai gyara firogiram ɗin yadda takardar fitar da kaya za ta riƙa nuna buhun da ya fi daɗewa, shi za a fara fitarwa, kuma zai gama kafin ruwa ya sauka. Na ga gyaran da idona a gidansa, yana aiki sumul. Muka tura.

Da Tanko ya dawo da faifan uwa, na sa a na'urar ofis, na nemi gyaran Oga sama da ƙasa. Babu shi. Nawa ƙananan gyare-gyaren duk suna nan, ko ɗigo bai ɓata ba.

Farko faifan muka zarga, don shi ne mai laifin kullum. Oga ya fasa sabon kwalin faya-fayai ya sake turawa, da saƙon baki ta hannun Tanko, tunda wayar ofishinmu ta fi wata ba ta ko tari: a tambayi Saratu ko ta sa faifan Oga. Amsa ta dawo cewa ta sa, da hannunta, na'ura kuma ta karɓa. Gyaran dai babu. Sai na koma kan Tanko. Na bi shi tasha na laɓe bayan rumfar mai shayi ina kallon inda zai sa ambulan. A aljihun ƙirji ya sa, har da dafawa. Na duba sa hannun Oga a kan tsohon ambulan da ya dawo da shi, ko an yi masa dabara da tururi. Ban ga komai ba, amma rashin ganin bai kwantar mini da hankali ba.

Ashe ina can ina zargin direba, ni ake zargi. Ranar da na kai faifaina karo na gaba, matar Oga ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba, ba a kuma kawo mini ruwa ba. Oga yana jingine da bango, ƙafar a miƙe cikin karare.

"Idi, zauna," in ji shi. "Na gwada abin da ya dawo daga Minna da faifanka. Layi da layi, ba bambanci. Ba lalacewa nawa yake yi ba. Naka ne yake hawa kansa."

Na ce, "Oga, ta yaya? Ai nawa a durowa yake."

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Wa yake fito da shi daga durowar? Me ka ba Tanko? Me kuka ƙulla da Saratu?"

"Wallahi Oga..."

"Kada ka rantse mini. Alhaji ya aiko jiya, wai in ciwon ya hana ni aiki in faɗa, tunda ga yaro yana ƙoƙari, aikinsa kullum yana fitowa. Ƙafa ce ta karye, Idi, ba kai ba. Ni na ba ka burushi."

Na tashi na fito daga gidan nan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwon shi ne da ni ne a kan katifar, abin da zan zarga ke nan. Duk alamu ni suke nunawa. Wa zai ci riba in an sallami Oga? Ni. Aikin wa ke fitowa? Nawa. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai tasha, ta kai masallacin unguwarmu. Wani dattijo da muke sahu ɗaya ya riƙe hannuna bayan sallar la'asar ya ce mini duniya ba ta da tabbas, in riƙe amana. A garin nan in aka ce ka ci amanar wanda ya koya maka sana'a yana kwance, ko ka bar aikin sunan ba zai bar ka ba, har 'ya'yanka za a nuna.

Sai na ce ba zan ƙara tura komai ta hannun kowa ba sai na ga inda yake mutuwa. Na karɓo ambulan daga gidan Oga, matarsa ce ma ta miƙo mini ta bakin zaure, na shiga motar Tanko na zauna a gaba da ambulan a nawa aljihun. Tanko bai ji daɗi ba. Mai ya ƙare mana a hanya, muka tura mota, muka jira aka samo galan. Ba mu shiga Minna ba sai da rana ta yi sanyi, ana shirin tashi daga ofis.

Anti Saratu ta dube ni sama da ƙasa, ta amsa gaisuwata a gajarce. Na ce mata wucewa nake, na ce bari in kawo da kaina. Ban gaya mata komai ba, na ja kujera gefe na zauna inda nake ganin hannunta. Ta duba sa hannun, ta yanka ambulan da reza, ta zare faya-fayan biyu ta jera a tebur ta karanta sunayen. Ta goge hannunta a zane, ta ɗauki na Oga da hannu biyu.

"Babba tukuna," in ji ta, ba ma da ni take ba.

Ta sa, ta buga umarnin, na'ura ta yi gurnaninta ta gama. A wannan lokacin gyaran Oga yana cikin uwa, cikakke. Ta zare shi ta mayar cikin leda a hankali. Sai ta miƙa hannu ɗaya ta ɗauki nawa, ta tura, ta buga umarnin nan dai. Ina zaune ina kallo rabin aikina ya hau kan aikin maigidana ya shafe shi.

Na ce, "Anti, kullum haka kike yi?"

"To da yaya zan yi? An ce duk faifai da ya zo daga Kontagora a sa. Biyu ya zo, na sa biyu."

"Amma me ya sa na Oga farko?"

Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. "Kai a gidanku yaro ne yake fara sa hannu a kwano?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce a wurin na'urar nan na ƙarshe shi ke zama, na farko shi ake dannewa. Na ce ta bar nawa a durowa. Ta ce Oga ya ce duk faifai, Alhaji kuma ya ce aikin kowa, ni wane ne. Na ce to ta sa nawa farko, na Oga a ƙarshe. Nan fuskarta ta canza.

"In sa ka gaba, in sa Oga Bawa baya? Mutum yana kwance da ciwo, ka shigo mota tun daga Kontagora don ka ce mini haka? Ashe abin da Tanko yake faɗa gaskiya ne." Ta kashe na'urar ta lulluɓe ta. "Wanda ya koya mini, shi zai canza mini. Sai da safe."

Washegari na koma Kontagora, ban ko biya gida ba na wuce wurin Oga. Na zayyana masa duk abin da na gani, har da goge hannun. Ya saurara idonsa a kan silin. Na zaci zai yi dariya, tunda abu ya lalace. Bai yi ba.

"Labarin ya yi daɗi da yawa," in ji shi. "A mota ka tsara shi?"

Na ce ya rubuta mata takarda ya gani. Ya ce in ya rubuta, kuma gyaran ya fito, me zai nuna? Sai dai ya nuna mun ji tsoro mun daina. Ya ce in kawo faifaina ranar da aka saba, in bar sauran a hannunsa, kada kuma in ƙara zuwa tasha. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin, Alhaji kuma ya sa ranar da zai zo ya yanke magana.

Na kai faifan. Bai sa shi a ambulan a gabana ba, bai liƙe a gabana ba, maƙwabcinsa ya aika ya kai wa Tanko. Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Da faifan uwa ya dawo, gidan Oga aka wuce da shi, sai can da yamma aka aiko in zo.

Na tarar da na'urarsa a kunne, takardar fitar da kaya a kan allo, buhun da ya fi daɗewa a sama. Gyaran ya shiga uwa. A gefen katifa ga faya-fayan biyu da Saratu ta maido. Ya tura mini su da bayan hannu. Na ɗauki wanda aka rubuta Bawa, sai na ga tsagar da ke kusurwarsa, nawa ne, na san shi. Ya ɓare takardun ne ya sake manna sababbi. Ya sa sunansa a kan nawa, ya sa sunana a kan nasa, bai gaya wa kowa ba. Saratu ta girmama rabin aikina ta sa shi farko, ta ɗauki na Oga da hannu ɗaya ta tura a ƙarshe.

Sai a lokacin ya yi dariyar, har yana riƙe ƙafar don zafi. Ya ƙwala wa matarsa kira ya ce a kawo wa Idi ruwa, a kawo abinci. Bai ce in yi haƙuri ba, ba a haife shi da wannan kalmar ba. Ya dai ciro igiyar mabuɗin akwatin faya-fayai daga wuyansa ya jefo mini a cinya, ya ce tunda shi ba ya zuwa ofis, nauyi take yi masa. Ranar Juma'a kuma ya sa aka ɗauke shi a mota zuwa masallacin unguwarmu, ba nasu ba, ya fito yana dafe da kafaɗata a gaban kowa.

Daga nan ya kafa dokar da na bi har na bar aiki: faifai ɗaya ke tafiya, kuma ba mai tura nasa sai ya karɓi abin da ke cikin uwa ya haɗa tukuna. Na ji an ce na'urorinku na yanzu su da kansu suke hana mutum turawa in bai yi haka ba. Madalla. Amma ku riƙa tambaya wa ke tsaye a can ƙarshen, da abin da aka koya masa a gida.

Faifan yana nan a akwatina, ko da yake ba sauran na'urar da za ta karanta shi a garin nan. Oga Bawa ya rasu da daɗewa. A kan takardar an rubuta Idi da rubutun hannunsa, kuma babban aikin da ke ciki ko layi ɗaya ba nawa ba ne.